Sawun wa za ka fara bi a bas ɗin jaz: Chambers, Brown, Carter, Mingus ko Jaco?

Duk wanda ya ɗauki bas, wato kayan kiɗan nan mai tsirkiya da ke ba da sauti mafi kauri a ƙungiya, da niyyar koyon jaz, kiɗan da ya samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka, ba zai daɗe ba sai ya ji shawarar da kowa ke bayarwa: ka zaɓi makaɗi ɗaya, ka zauna da faifansa, ka kwashe abin da ya buga da kunnenka har ya zauna maka a yatsu. Shawarar ba ta da aibu. Inda gizo ke saƙa shi ne wa za a zaɓa. Wannan malami ya ce Paul Chambers, wancan ya ce in ba Ray Brown ba ɓata lokaci ne, abokinka kuma ya turo maka bidiyon Jaco Pastorius ya ce ka ga inda duniya ta kai. Wanda ka zaɓa zai ci maka wata shida ko shekara guda, kuma hannun malamin farko ba ya saurin sakin hannun ɗalibi.

Ni da Jaco na fara. Wata takwas ina fama da wani kiɗansa mai suna "Teen Town", har na iya tsallake rabinta ba tuntuɓe. Ranar da na fara zama da wasu makaɗa a wani otal, mai fiyano, wani dattijo, ya ce buluz a kan sautin F, wato wani salon kiɗa da ake ta maimaitawa zagaye bayan zagaye, ya ƙirga huɗu. Ban kai zagaye na uku ba na ɓace. Ya ɗaga hannu kowa ya tsaya, ya leƙo ni ta saman tabarau ya ce, "Yaro, gudu dai na ji ka iya. Tafiya fa?"

Ba zolaya kawai yake yi ba. A jaz, tafiya sunan aiki ne. Ana raba kiɗa gida-gida, kowane gida bugu huɗu, mai bas kuma yana saka sauti ɗaya a kan kowane bugu, yana zaɓen sautukan yadda za su ɗauki mai sauraro daga wannan kod zuwa na gaba. Kod shi ne tarin sautuka uku ko huɗu da mai fiyano ko mai jita ke dannawa tare. Wannan tafiyar ita ce mafi yawan abin da ake biyan mai bas ya yi, don haka ita na sa a gaba wajen auna mutanen nan biyar.

Abubuwan da na auna

Na farko sauƙi, kuma sauƙin kashi biyu ne. Akwai sauƙin ji: shin kana iya tsinto bas ɗin daga cikin faifan, sauti bayan sauti, har ka rera shi da baki? Akwai kuma sauƙin bugawa. Mutane sukan manta da na farkon, alhali shi ke kayar da ɗan koyo. Tsirkiyar bas mafi kauri, wato E, tana karkarwa sau 41 ne kacal a daƙiƙa, lasifikar waya kuwa ba ta sauka can ƙasa. In da waya kake sauraro ba hedifon, ba bas kake ji ba, inuwarsa kake ji. Ka nemi hedifon mai rufe kunne tun kafin ka yi gardamar wane ne gwani.

Na biyu kuɗi. Sauraron kansa kusan farashi ɗaya ne, domin duk faifan da zan ambata suna YouTube da Spotify, sai dai kuɗin data. Bambancin yana wajen kayan aiki. Huɗu daga cikin biyar ɗin nan bas na tsaye suka buga, wato babban nan mai kama da goge wanda ya kusa tsawon mutum. Jaco ne kaɗai mai jitar bas ta lantarki. Sabuwar jitar bas ta ɗan koyo ana samunta kusan dala 200 zuwa 300, saitin tsirkiyarta dala 20 zuwa 40. Bas na tsaye mai ɗan kyau, ko na falankin da aka manna ne, da wuya ya gaza dala 1,000, saitin tsirkiyarsa kaɗai yakan haura dala 150, ban da kuɗin dako. Abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne dukansu biyu ɗauri ɗaya ake musu, E, A, D, G, don haka abin da aka buga a wannan ana iya buga shi a wancan. Tafiya a kan na lantarki kuma ba abin kunya ba ce. Monk Montgomery ya buga shi a ƙungiyar Lionel Hampton tun farkon shekarun 1950, Bob Cranshaw kuma ya yi shekaru yana buga wa Sonny Rollins shi.

Na uku ƙarko: darasin da ka kwasa zai ciyar da kai shekara nawa, kuma a ƙungiya iri nawa? Akwai ƙarkon kayan aikin ma. Wanda ke zaune inda hunturu ke busar da leɓe ya sani cewa bas na tsaye da aka sassaƙa daga zallan katako yana iya tsagewa idan iska ta bushe. Na falanki ya fi juriya, na lantarki kuwa sai dai wuyansa ya ɗan lanƙwashe a gyara.

Na huɗu haɗari, ga hannu da kuma ga ɗabi'a. Bororo a yatsa dole ne, zai fashe ya zama kanta. Ciwon wuyan hannu ba dole ba ne, kuma shi ne abin tsoro. Haɗarin ɗabi'a ya fi ɓoyuwa: ka koyi abin da ya dace da gwani a cikin ƙungiyarsa, ka kai shi inda bai dace ba.

Paul Chambers

An haife shi a Pittsburgh a 1935, ya tashi a Detroit, ya shiga ƙungiyar mai busa ƙaho Miles Davis a 1955 yana ɗan shekara 20, ya zauna har 1963. Tarin fuka ya kashe shi a Janairun 1969 yana da shekara 33. A wannan ɗan tsakanin ya buga a faifai da yawan gaske, ciki har da Blue Train da Giant Steps na John Coltrane, wanda ya sa wa wani kiɗansa "Mr. P.C." don shi.

Abin da ya sa malamai ke tura ɗalibi gare shi shi ne tafiyarsa tana da hujja. Ka ɗauki kowane gida ka duba, za ka ga dalilin kowane sauti: tushen kod, wato sautin da aka gina kod ɗin a kansa, a bugu na farko, sautukan cikin kod a tsakiya, sai a bugu na huɗu ya taka wani sauti da ke dab da inda zai sauka, kamar mai neman matakala da ƙafa a cikin duhu. Da ka kwashi zagaye uku ko huɗu, sai ka fara hasashen abin da zai yi, kuma wannan hasashen shi ne koyon.

Ka fara da "Freddie Freeloader" a faifan Miles Davis mai suna Kind of Blue na 1959. Buluz ne mai gida 12 a kan B-filat, ba sauri ba nawa, Wynton Kelly a fiyano, Jimmy Cobb a ganga. Ka kasa kunne a gida biyu na ƙarshe, inda kiɗan ke zamewa zuwa A-filat maimakon ya koma gida kai tsaye. Nan ɗan koyo ke fara gane cewa kunne ake bi, ba abin da aka haddace ba. Daga nan sai "So What", inda bas ne ke rera kan waƙar, fiyano da masu busa su zama 'yan amshi da sauti biyu. Kod biyu ne kacal a cikinta: gida 16 a kan D, 8 a kan E-filat, 8 a koma D. Kada ƙarancin ya ruɗe ka. Da ka gama 8 na ƙarshe ka shiga 16 na sabon zagaye, ka yi gida 24 ke nan a wuri ɗaya, kuma a nan ake ɓacewa. "All Blues" kuwa jimla ɗaya ce yake ta maimaitawa, wadda ɗan wata biyu zai iya bugawa. An ɗauke ta ran 22 ga Afrilun 1959, ranar da Chambers ya cika shekara 24.

Wani gargaɗi ga mai bin faifan da kayan kiɗa a hannu: a tsofaffin bugun Kind of Blue, kiɗa uku na farko sun ɗan fi ainihin sautinsu tsini saboda na'urar ɗaukar ta yi nawa a ranar. Sai a shekarun 1990 aka gyara. In ka ga ka ɗaure tsirkiya daidai amma kuna saɓawa da faifan, ba kunnenka ba ne, ka nemi sabon bugu.

Bayan wannan akwai faifai huɗu da ƙungiyar Miles ta ɗauka a zama biyu kacal a 1956, Cookin', Relaxin', Workin' da Steamin', a falon gidan iyayen injiniya Rudy Van Gelder a New Jersey. A "If I Were a Bell" za ka ji yadda yake fara kiɗa da bugu biyu a gida, sannan ya buɗe zuwa huɗu sai ka ji kamar an sake wa doki linzami. Wannan sauyin kaɗai ya isa darasin mako guda.

Wajen ji, yana da ɗan wahala. Tsirkiyar hanji yake amfani da ita, mai sauti gajere mai kauri, kuma idan masu busa uku suna sama yakan nutse. Wajen kuɗi, ba ya buƙatar komai na musamman: jitar bas, tsirkiya mai santsi, ɗan soso a ƙarƙashin tsirkiyoyin can wajen gindi don a rage doguwar ƙara, sai ka ja kusa da wuya. Ƙarko kuwa babu na biyunsa. Haɗarinsa ɗaya ne: solonsa, wato inda yake fitowa gaba shi kaɗai, da bakan gogawa, kamar "Yesterdays" a faifansa Bass on Top na 1957, yana jan hankali, amma ba aikin shekarar farko ba ne.

Ray Brown

Shi ma ɗan Pittsburgh ne, an haife shi a 1926, ya rasu a 2002 a Indianapolis yana kan rangadi. Ya yi aiki da Dizzy Gillespie tun yana saurayi, ya auri Ella Fitzgerald na wasu shekaru, ya kuma yi kusan shekara 15 da mai fiyano Oscar Peterson.

In Chambers hujja ce, Brown murya ce. Sautinsa babba ne, tsararre, kowane ɗaya da bakinsa da jelarsa, kuma yana zaune a kan goshin bugu, yana tura ƙungiya gaba ba tare da ya ƙara sauri ba. Ga ɗan koyo, babbar fa'idarsa ita ce ana jin sa. Yawancin manyan faifansa na mutum uku ne ko biyu, ba cunkoso. Night Train, wanda aka ɗauka a Disambar 1962 da Peterson da mai ganga Ed Thigpen, kusan rabinsa buluz ne, kuma "C Jam Blues" a ciki kamar an yi ta ne don aji. Way Out West na Sonny Rollins, 1957, babu fiyano sam, daga saksafon sai bas sai gangar Shelly Manne, don haka duk nauyin kod yana wuyan Brown. A bugun sitiriyo saksafon yana kunne ɗaya, bas da ganga suna ɗayan. Ka zare hedifon ɗaya, sai ka ga kana zaune kusa da shi. Akwai kuma This One's for Blanton na 1972, shi da Duke Ellington su biyu rak, don tunawa da Jimmy Blanton, saurayin da ya fito da bas gaba a ƙungiyar Ellington tsakanin 1939 da 1941 kafin ya rasu yana da shekara 23. Duk mutanen da ke cikin wannan rubutu jikokin Blanton ne ta wannan fuska.

Wajen bugawa ya fi Chambers wuya kaɗan. Yana da wata dabara ta jan yatsa ɗaya ya ratsa tsirkiya biyu ko uku a jere, sai ka ji "tara-rum" kafin ya sauka a kan bugu. Daɗinta ne haɗarinta. Ɗan koyo yana iya ta sai ya riƙa zuba ta a kowane gida kamar yaro ya sami gishiri, tafiyar ta koma ɗingishi. Haɗari na biyu na hannu ne. Wannan babban sauti daga nauyin damtse yake fitowa, da gefen yatsa kwance a kan tsirkiya, ba daga matsa ƙarfi ba. Wanda ya nemi samunsa da ƙarfin tsiya, musamman a bas na tsaye mai tsirkiya sama-sama, wuyan hannunsa ne zai biya.

Ta fuskar kuɗi, shi ne wanda ya fi sa mutum kwaɗayin bas na tsaye, domin rabin abin da ke burge ka a wurinsa katako ne da iska. Kana iya kwashe layukansa a kan na lantarki su amfane ka, amma muryar ba za ta zo duka ba. Yana da littafin koyarwa mai suna Ray Brown's Bass Method da ya fito a 1963, wanda yawancinsa atisayen yatsu ne. Ƙarkon darasinsa daidai yake da na Chambers, ya ma fi shi ga mai raka mawaƙa.

Ron Carter

An haife shi a Michigan a 1937, ya fara da celo, wato ƙanen bas na tsaye, kafin ya koma bas, ya yi karatun kiɗa a makarantar Eastman. Shi ya gaji kujerar Chambers a wajen Miles daga 1963 zuwa 1968, tare da Herbie Hancock da Tony Williams da, daga baya, Wayne Shorter. A 2015 kundin Guinness ya lissafa masa ɗauka 2,221, mafi yawa ga kowane makaɗin bas na jaz. Har masu hip-hop sun kira shi: yana cikin faifan The Low End Theory na A Tribe Called Quest na 1991.

Carter yana yawan ƙin taka tushen kod a inda kowa ke jira. Sai ya zaɓi wani sauti a ƙasa, kod ɗin mai fiyano ya canza launi ba tare da mai fiyano ya motsa yatsa ba. Abin sha'awa ne ƙwarai, amma sai ka san inda tushen yake kafin ka gane abin da aka kauce wa. Shi ya sa nake sa shi a shekara ta biyu. Wanda ya kwaikwaye shi da wuri zai riƙa rikita abokan kiɗansa yana zaton zurfi ne.

Duk da haka yana da ƙofofi biyu masu sauƙi. "Footprints" a faifan Miles Smiles jimla ce da ake maimaitawa a kan C, yayin da ganga ke wasa tsakanin ƙirgen uku da na biyu. Kunnen da ya tashi da kiɗan kalangu ba zai ji wannan baƙo ba. Sai Alone Together na 1972, shi da mai jita Jim Hall kawai, inda ba abin da ya rufe shi. Yana da littafi, Building Jazz Bass Lines, kuma a cikin biyar ɗin nan shi ne wanda ya fi barin darasi a rubuce da bidiyo, domin ya daɗe yana koyarwa a manyan makarantun New York. Kuɗin littattafan ne ƙarin nauyinsa.

Charles Mingus

Ranar haihuwarsa ɗaya da Chambers, 22 ga Afrilu, amma shi a 1922. Ya rasu a Meziko a 1979. Gwanin bas ne na gaske, sai dai abin da ya fi shahara da shi tsara kiɗa ne da jan ragamar ƙungiya. Yana ƙara sauri ya rage da gangan, yana ihu daga bayan bas, shi da mai gangarsa Dannie Richmond suna juya kiɗa yadda suka ga dama. Ka saurari buɗewar "Haitian Fight Song" a faifan The Clown na 1957 don ka ji abin da tsirkiya huɗu za su iya faɗa cikin fushi, ka kuma saurari Mingus Ah Um na 1959 daga farko har ƙarshe. Amma a matsayin malamin farko, a'a. Ɗan koyon da bai iya riƙe sauri ɗaya ba, in ya ga Mingus yana sassauta shi, sai ya sami uzuri. Finciko tsirkiya irin nasa kuma yana cin fata.

Jaco Pastorius

An haife shi a 1951, ya tashi a Florida, ya rasu a 1987 yana da shekara 35 bayan dukan da wani mai gadin kulob ya yi masa. Faifansa na farko a 1976 ya buɗe da "Donna Lee", kiɗan masu busa mai gudun tsiya, shi kuma ya buga shi a bas ba kowa sai mai ganga ɗaya. A shekarar ya fito a Bright Size Life na Pat Metheny da Hejira na Joni Mitchell, a 1977 kuma ga Heavy Weather na ƙungiyar Weather Report, inda "Teen Town" ɗin da ta ci mini wata takwas take.

Wajen ji, babu wanda ya kai shi sauƙi, domin yana gaba-gaba a faifai, kuma sautinsa mai tsini ne har waya ma tana fitar da shi. Wajen kuɗi ma shi ne mafi araha a ido, tunda jitar bas ce. Amma tasa Fender ce ta 1962 da aka cire wa ƙarafan nan da ke gicciye a wuya, ya shafe wuyan da wani fenti mai tauri don kada tsirkiya ta cinye katakon. Ba ƙarafan nan, yatsanka ne kaɗai ke yanke hukuncin ko sauti ya zauna daidai. Na ga wanda ya ɗauki filaya ya ciccire na tasa jitar don ya zama Jaco, ya ƙare da wuya mai ramuka da sauti mai kukan akuya. Kada ka taɓa jitarka ɗaya tilo.

Wajen bugawa shi ne mafi wuya nesa ba kusa ba, kuma haɗarinsa ga hannu gaskiya ne. Yana buɗe yatsu huɗu a kan gurbi huɗu har a can saman wuya inda tazara ta fi faɗi, shi kuwa Allah ya ba shi manyan hannaye. Masu bas na tsaye yatsa uku suke aiki da su a wannan yanki, manuni da na tsakiya da ƙarami, na zobe yana tallafa wa ƙaramin. Mai ƙaramin hannu ya ari wannan ko a kan na lantarki ne.

Masu cewa a fara da shi sukan kawo misalin Richard Bona, ɗan Kamaru da aka haifa a 1967, wanda ya ci karo da faifan Jaco a wani kulob a Duwala ya koma bas. Gaskiya ne. Amma Bona tun yana ƙaramin yaro yake kiɗa, ya kuma riga ya zama ɗan jita mai cin abinci da ita. Jaco kansa da ganga ya fara, ya kuma yi shekaru yana raka mawaƙa a kulob-kulob na Florida dare bayan dare kafin duniya ta ji "Donna Lee". In dai sai ka taɓa shi a shekarar farko, ka ɗauki "Come On, Come Over" ko "The Chicken", inda yake riƙe ƙungiya ba nuna bajinta ba.

| Makaɗi | Sauƙin ji | Sauƙin bugawa | Nauyin kuɗi | Ƙarkon darasi | Babban haɗari | Faifan farawa |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Chambers | matsakaici | mai sauƙi | kaɗan | sosai | gaggawar ɗaukar baka | Kind of Blue |
| Brown | sosai | matsakaici | kwaɗayin bas na tsaye | sosai | yawan ado, ciwon hannu | Night Train |
| Carter | ya danganta da faifai | hannu sauƙi, kai wuya | kuɗin littafi | sosai, amma daga baya | rikita abokan kiɗa | Alone Together |
| Mingus | matsakaici | mai wuya | bas na tsaye | ga mai tsara kiɗa | sakacin riƙe sauri | Mingus Ah Um |
| Jaco | sosai | mai wuya ƙwarai | kaɗan a farko | ga kiɗan lantarki | ciwon hannu, gudu ba tafiya | faifansa na 1976 |

Wa ya dace da wa

In jitar bas gare ka, ba malami kusa, kana kuma son nan da wata shida ka iya zama da makaɗa a kira buluz ba ka ɓace ba, Chambers ne naka. Ka ɗauki zagaye biyu na "Freddie Freeloader", ka rage gudun bidiyon a YouTube zuwa 0.75, ka rera kowane gida da baki kafin ka nemo shi a wuya. In sautin ya ƙi fitowa, manhajar Audacity kyauta ce, tana iya ɗaga sautin faifan da oktef guda, wato ta ninka tsininsa, sai bas ya fito fili kamar jita.

In kunnenka ne bai buɗe ba tukuna, ka yi ta saurare amma ba ka tsinto komai, ka bar Chambers na wata biyu ka fara da Brown, da Way Out West da hedifon ɗaya a kunne. Haka ma wanda ya sami damar taɓa bas na tsaye, a makaranta ko coci ko ƙungiyar kiɗan sojoji, da wanda aikinsa raka mawaƙa ne. Sai dai mai bas na tsaye ya nemi wanda zai duba masa tsayuwa da riƙo ko da sau biyu ne, domin faifai ba ya ganin kafaɗarka.

In ka riga ka iya tafiya, ko ka fito daga fiyano ka san kod ciki da bai, kana kuma jin layukanka sun zama abu ɗaya kullum, lokacin Carter ya yi. Mai burin rubuta nasa kiɗan da jagorantar tasa ƙungiyar ya saurari Mingus da yawa, amma ya riƙa yin atisaye da agogon ƙirga bugu a kunne.

Wanda ya yi shekara uku ko huɗu yana buga bas a bukukuwa ko coci ko ƙungiyar afrobit, hannunsa ya yi ƙwari, saurinsa ya zauna, shi kam Jaco ba zai cuce shi ba, zai ma fi jin yarensa fiye da na sauran. Ya dai haɗa da buluz ɗaya na Chambers a gefe saboda ranar da wani dattijo zai ƙirga masa huɗu.

Wanda kuma bai sayi bas ba tukuna, yana tara kuɗi, shi ma yana da aikin yi. Ya sauke "All Blues" da "C Jam Blues" a waya, ya sa hedifon, ya riƙa rera layin bas da baki yana taka bugu da ƙafa, a cikin a-daidaita-sahu ko a layin shan mai. Wanda ya fi zauna masa a baki cikin biyun bayan wata guda, da mai shi zai fara ranar da jitar ta iso.